Rashin Jure Sukarin 'Ya'yan Itace: Bayani Ga Mazauna Karkara Da Shugabannin Al'umma

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar mangwaro ya nuna, kankana kuma ta cika kasuwanni, ɗakunan shan magani na ƙauyukanmu kan karɓi mutane masu kukan kumburin ciki da murɗa da gudawa. Akasarin wannan yana faruwa ne saboda gurɓataccen ruwa da ƙuda da rashin wanke 'ya'yan itace kafin a sha. Amma akwai wani kaso na jama'a waɗanda ko sun kiyaye tsabta yadda ya kamata, matsalar ba ta rabuwa da su, domin jikinsu ne ba ya jure wani nau'in sukari da ke cikin 'ya'yan itace da zuma, wanda masana ke kira furuktos. Hausawa dai sun ce abincin wani gubar wani.

Mun shirya wannan bayani ne domin iyaye, manoma, ma'aikatan lafiya matakin farko, ungozomomi, hakimai, dagatai da masu unguwanni su san wannan lalura, su kuma san cewa iri biyu ce. Iri na farko yana da yawa a cikin jama'a, yana damun mutum amma ba ya kisa. Iri na biyu gado ne, ba kasafai ake samun sa ba, amma yana iya hallaka jariri idan ba a gane shi da wuri ba. Sunayensu sun yi kama, sai dai maganinsu ya sha bamban, kuma shawarar da za ta amfani mai na farko tana iya cutar da mai na biyu.

Mene Ne Furuktos?

Zaƙin da muke ji a baki ba daga abu ɗaya yake fitowa ba. Akwai gulukos, wato sukarin da ke yawo a cikin jini, wanda kuma jiki ke samu daga tuwo, shinkafa, doya da sauran abinci mai sitaci. Akwai laktos, sukarin da ke cikin nonon uwa da na shanu. Akwai furuktos, wanda ya fi su zaƙi duka, ana samun sa a 'ya'yan itace da zuma da wasu kayan lambu. Shi kuwa farin sukarin da muke zubawa a shayi da koko, rabinsa gulukos ne, rabinsa furuktos, a manne da juna. Wannan sukarin ne ke cikin rake da mazarƙwaila da alewa da yawancin lemon kwalba da ake sayarwa a ƙasar nan.

Ga misalin yadda adadin yake. Zuma tana da furuktos kimanin kashi 38 cikin ɗari, gulukos kuma kimanin kashi 31. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne. Kwalbar lemo mai cin rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kwatankwacin ƙaramin cokali 12, kuma rabin wannan furuktos ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2015, ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da babban mutum ke samu daga abincinsa a yini, wanda ya yi daidai da wajen giram 50. Ke nan kwalba ɗaya ta cinye rabon yini guda, ko ga mai cikakkiyar lafiya.

Iri Na Farko: Gazawar Hanji Wajen Tsotse Furuktos

Idan mutum ya ci abinci, a ƙaramin hanji ne ake tsotse amfaninsa zuwa cikin jini. Gulukos yana da hanya mai faɗi da sauri. Furuktos kuwa ta wata 'yar ƙofa yake bi a bangon hanjin, wadda masana suka sa wa suna GLUT5, kuma abin da take iya shigarwa a lokaci guda yana da iyaka. Iyakar ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Yawancin masu lafiya suna iya tsotse giram 25 na furuktos zalla a zama ɗaya, amma idan ya kai giram 50 da yawa daga cikinsu suna kasawa. Akwai kuma waɗanda ƙofarsu ta fi ƙunci, ko giram 25 ɗin ya fi ƙarfinsu. Su ne masu wannan lalura.

Furuktos ɗin da bai samu shiga ba yana ci gaba da tafiya a cikin hanji, yana jawo ruwa daga jiki zuwa cikinsa, abin da ke sa bayan gida ya yi ruwa. Idan ya isa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can sai su far masa su ruɓar da shi, kamar yadda ƙullu ke tsami yana kumfa idan ya kwana. Daga nan iska ke taruwa, ciki ya kumbura.

Akwai abubuwa biyu da masana suka tabbatar waɗanda a kansu aka gina tsarin abincin mai wannan lalura. Na farko, gulukos yana taimaka wa furuktos wajen shiga jini. Idan suka zo daidai wa daida a cikin abinci, hanji ya fi iya karɓa, shi ya sa mai wannan lalura kan jure ɗan farin sukari a shayi amma cokali biyu na zuma su tayar masa da ciki. Na biyu, akwai wani abin zaƙi mai suna sobitol, wanda ake samu a tuffa da cingam ɗin da aka rubuta ba shi da sukari da wasu magungunan ruwa. Shi kan ƙara hana furuktos shiga, ya tsananta matsalar.

Alamomin Da Ake Gani

Alamomin kan bayyana daga rabin sa'a zuwa 'yan sa'o'i bayan an ci ko an sha abin da ya jawo su. Sun haɗa da kumburin ciki, ƙugin ciki, murɗa, yawan fitar iska, gyatsa, tashin zuciya da gudawa. Wasu kuma bushewar ciki suke samu a madadin gudawar. Ga ƙananan yara da ake yawan ba lemon kwali ko ruwan 'ya'yan itace, abin kan zo a matsayin gudawa mai daɗewa alhali yaron yana wasansa, yana cin abinci, ba ya rama.

Mun lura cewa a karkara duk ciwon cikin da ya daɗe akan kira shi taifot, ko gyambon ciki, ko basir, ko tsutsar ciki, sai mutum ya nufi kantin magani ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta ya sha. Ga mai wannan lalura wannan asarar kuɗi ce, domin babu ƙwayar cutar da za a kashe, kuma yawan shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba yana sa su daina aiki ranar da ake bukatarsu da gaske. Haka kuma wannan lalura ba ciwon suga ba ce, ba ta kuma rikiɗewa ta zama shi. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba ta lalata hanji.

Sai dai akwai alamomin da ba na wannan lalura ba ne, waɗanda idan aka gan su wajibi ne a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba: jini a bayan gida ko baƙin bayan gida, zazzaɓi, rama ba gaira ba dalili, ɗashewar ido da tafin hannu, aman da ba ya tsayawa, gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko ciwon cikin da ya fara wa mutum sabo bayan ya haura shekara 50.

Yadda Ake Tabbatarwa

A manyan asibitoci akwai gwajin numfashi. Mutum zai kwana bai ci komai ba, da safe a ba shi giram 25 na furuktos a cikin ruwa, sannan ya riƙa hura iska cikin na'ura kowane rabin sa'a har tsawon sa'a uku. Idan iskar haidurojin ta ƙaru a numfashinsa, kuma alamomin suka bayyana, an gane cewa furuktos ɗin ya wuce zuwa babban hanji. Wannan na'ura ba ta samuwa a ƙananan asibitoci, don haka hanyar da ta fi sauƙi ga mazauna karkara ita ce gwaji da abinci a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya, bayan an duba bayan gida an tabbatar babu tsutsa ko wata cuta.

Tsarin Abinci A Matakai Uku

Tsarin da likitoci ke bi a yau ya samo asali ne daga aikin masana na Jami'ar Monash da ke birnin Melbon a ƙasar Ostireliya, waɗanda suka fara bayyana shi a 2005. Ga yadda za a iya bin sa da abincinmu na gida.

Mataki na farko shi ne ragewa. Na tsawon mako biyu zuwa shida, mutum ya ajiye abubuwan da furuktos ɗinsu ya rinjayi gulukos, wato zuma, mangwaro, kankana, tuffa da ɗanyar gwaba, tare da lemon kwali da duk wani ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Ya kuma rage waɗanda sukarinsu ya yi yawa ƙwarai ko da a daidaice yake: dabino, rake, mazarƙwaila, maɗi, alewa, alkaki, nakiya, lemon kwalba da zoɓon da aka cika wa sukari. A wannan lokaci ya riƙe littafi, ko wani ɗan makaranta a gidan ya riƙe masa, a rubuta abin da ya ci, da lokacin, da abin da ya ji daga baya.

Albasa da tafarnuwa da alkama suna da wani abu mai suna furuktan, wato furuktos da aka jera kamar carbi, wanda hanjin ɗan Adam ba ya iya warwarewa. Ga masu saurin kumburin ciki yana ƙara wutar matsalar. Mai dafa abinci na iya soya albasa a mai ta tsame ta kafin ta haɗa miya, domin ƙamshin yana shiga mai amma furuktan ba ya shiga. Koren lawashi ma yana maye gurbin albasa. Burodi, taliya, fanke da funkason alkama a rage su a wannan mataki.

Abin farin ciki shi ne ginshiƙin abincinmu ba ya cikin abin da ake gudu. Tuwon dawa, na masara, na gero da na shinkafa, kunu, koko, fate, waina, sinasir, nama, kifi, ƙwai, man gyaɗa, manja, alayyafo da sauran ganye, duk ana ci. Daga 'ya'yan itace kuma, ayaba, lemon zaƙi, gwanda da abarba sun fi sauƙi ga hanji idan aka sha kaɗan. Idan nono da fura suna tayar wa mutum da ciki, wannan wata lalura ce dabam ta sukarin madara, a gaya wa ma'aikacin lafiya domin ana iya samun biyun ga mutum ɗaya.

Mataki na biyu shi ne gwadawa. Idan ciki ya lafa, sai a dawo da abubuwan da aka ajiye ɗaya bayan ɗaya, kowanne na kwana uku. Misali, ranar farko ƙaramin cokali ɗaya na zuma, rana ta biyu cokali biyu, rana ta uku cokali uku. Inda alamomi suka dawo, nan ne iyakar mutum. Sai a huta kwana biyu ko uku, a ɗauki mangwaro, a fara da 'yar yanka. Kada a gwada abu biyu a lokaci guda, domin ba za a san mai laifin ba. Idan kuma mako shida suka wuce babu sauƙi, to matsalar ba daga furuktos take ba, a koma cin abinci yadda aka saba, a koma asibiti a sake bincike.

Mataki na uku shi ne zama da iyakar da aka gano. Manufar ba raba mutum da 'ya'yan itace ba ce har abada, domin jiki na bukatar bitamin da ke cikinsu. Abin da ake so shi ne a sha kaɗan a lokaci guda, a bar tazarar sa'a biyu zuwa uku kafin a ƙara, a sha bayan an ci abinci maimakon a kan yunwa, a kuma fifita ɗan itacen kansa a kan ruwansa da aka matse, tun da kofi ɗaya na ruwan yana tattare da sukarin 'ya'ya da yawa. Iyakar kan sauya da lokaci, musamman bayan mutum ya warke daga wata cutar gudawa, don haka yana da kyau a sake gwadawa bayan 'yan watanni.

Lokacin azumi da bukukuwa ne abin ya fi tsananta. Mai azumi kan haɗa dabino da kankana da zoɓo da lemon kwalba cikin 'yan mintoci a kan cikin da ya wuni babu komai. Ga mai wannan lalura ya fi dacewa ya buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya, ya bi da kunu marar sukari sosai, ya ci abinci, sannan daga baya ya sha ɗan abin da ya san cikinsa na karɓa.

Iri Na Biyu: Rashin Jure Furuktos Na Gado

Wannan cuta ce ta hanta, ba ta hanji ba. Likitoci biyu a Ingila, Chambers da Pratt, su ne suka fara bayyana ta a 1956, sannan a 1957 Froesch da abokan aikinsa a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka nuna cewa gadonta ake yi. A nahiyar Turai an ƙiyasta tana samun jariri ɗaya cikin 20,000 zuwa 30,000.

A jikin mai lafiya, furuktos ɗin da ya shiga jini hanta ce ke sarrafa shi da taimakon wani sinadari mai suna aldoles B. Mai wannan cuta an haife shi ba tare da wannan sinadari mai aiki ba. Hanta takan fara aikin ta kasa ƙarasawa, sai abin da aka bari rabi da rabi ya taru a cikinta ya zama guba. Wannan taruwa tana hana hanta sakin gulukos zuwa jini, sai sukarin jinin yaro ya faɗi ƙasa warwas jim kaɗan bayan ya sha abu mai zaƙi. Idan aka ci gaba da ba shi, hanta da ƙoda suna lalacewa.

Yadda ake gadonta daidai yake da na amosanin jini da jama'armu suka sani. Uba da uwa kowanne yana ɗauke da ƙwayar cutar guda ɗaya, lafiyarsu ƙalau, ba su san suna da ita ba. A kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu yaron ya gaji ƙwayar daga ɓangarorin biyu, ya zo da cutar. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ƙwaya iri ɗaya. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba ne, ba maita ba ce, ba kuma iskokai ba.

Muddin jariri nonon uwa zalla yake sha, lafiya lau yake, domin babu furuktos mai cutarwa a sukarin nono. Matsalar kan fara ne ranar da aka soma ba shi kunu ko koko mai sukari, ko zuma, ko ɗan mangwaro da ayaba, ko madarar gwangwani da aka sa wa farin sukari. A 2018 likitoci a Amurka sun ba da rahoton jarirai huɗu da hantarsu ta gaza aiki saboda irin wannan madara tun kafin a san suna da cutar. Alamomin su ne amai bayan shan abu mai zaƙi, gumi, rawar jiki, kasala da yawan barci, jijjiga, suma, shawara a ido, kumburin hanta da ciki, da rashin girma. Irin wannan yaro kan kau da kai daga duk wani abu mai zaƙi, ya riƙa tofarwa. Iyaye kada su ɗauka tsaurin ido ne su yi masa ɗura, domin jikinsa ne ke kare kansa. Akwai waɗanda suka girma da cutar ba a sani ba saboda sun ƙi zaƙi tun suna yara, kuma akan same su da haƙora lafiyayyu babu ruɓa.

Ana tabbatar da ita ta hanyar gwajin ƙwayar halitta daga jini. Yaron da ake zargi a kai shi babban asibiti, daga can a tura shi sashen yara na asibitin koyarwa, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri. Kafin sakamako ya fito a dakatar da duk wani abu mai zaƙi. Haramun ne a likitance a gwada irin wannan yaro ta hanyar ba shi furuktos, ko a gida ko da gwajin numfashin da muka ambata a sama, domin hakan na iya kashe shi.

Abincin Mai Cutar Gado

A nan babu maganar iyaka ko gwadawa. Ana barin furuktos da farin sukari da sobitol gaba ɗaya, har ƙarshen rayuwa. Farin sukarin da mai iri na farko ke jurewa guba ne ga mai iri na biyu, haka ma sobitol, domin hanta tana mayar da shi furuktos. Babu zuma, babu rake, babu dabino, babu 'ya'yan itace na lambu ko na daji irin su kanya, ɗinya, magarya, goruba da garin ɗorawa. Kayan lambu masu zaƙi kamar karas, kabewa, dankalin Hausa, tumatir, albasa da ɗanyar masara su ma likita zai hana ko ya ƙayyade.

Abin da ya rage masa yana da yawa: nonon uwa, nonon shanu da kindirmo marar sukari, nama, kifi, ƙwai, shinkafa, tuwo, mai, da ganyen da jami'in abinci na asibiti zai lissafa. Idan ana son zaƙi, garin gulukos zalla da ake sayarwa a kantin magani ba ya cutar da shi. Tun da an raba shi da 'ya'yan itace, likita zai rubuta masa bitamin C da folik asid. Yaron da aka gane da wuri aka kiyaye abincinsa, hantarsa tana murmurewa, ya girma, ya yi karatu, ya yi aure kamar kowa.

Akwai wurare biyar da haɗari ke ɓuya, waɗanda muke son iyaye da ma'aikatan lafiya su riƙe:

1. Ruwan gishiri da sukari na gida. Wannan haɗi ya ceci rayukan yara masu gudawa ba adadi, kuma muna ci gaba da kira a yi amfani da shi. Amma da farin sukari ake haɗa shi, don haka ba a ba yaro mai wannan cuta. A ba shi na leda da ake samu a asibiti, wanda bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya gulukos ne a cikinsa, giram 13.5 a kowace lita, bayan an duba ba a ƙara masa wani abin zaƙi ba.

2. Magungunan ruwa na yara. Yawancin na zazzaɓi, tari da ƙarin jini da sukari ko sobitol ake zaƙaƙa su. A nemi likita ya zaɓi wanda babu, ko ya ba da ƙwaya a niƙa.

3. Ƙarin ruwa a asibiti. An samu mace-mace a Turai a shekarun baya sakamakon ƙarin ruwa mai furuktos ko sobitol ga waɗanda ba a san suna da cutar ba. Mai cutar ya riƙa yawo da kati mai bayanin lalurarsa, a nuna shi kafin a ɗaura ruwa ko a yi tiyata.

4. Taimakon gaggawa. An saba idan mutum ya galabaita a ba shi ruwan sukari ko lemon kwalba. Ga mai wannan cuta gulukos kaɗai ake bayarwa, idan yana iya haɗiya, sannan a garzaya da shi asibiti.

5. Sabon jariri a gidan da aka taɓa samun cutar. Kada a lasa masa zuma ko dabino ko ruwan sukari har sai an gwada shi. Zuma kam ba a ba kowane jariri kafin ya cika shekara ɗaya, saboda wata ƙwayar cuta mai shanye jiki da kan ɓuya a cikinta.

Bayanin kayan da ke cikin abinci da magani da Turanci ake rubuta shi a jikin kwali. Kalmomin da za a nema su ne sugar, sucrose, fructose, sorbitol, honey, syrup da lambar E420. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi mai kantin magani ko malamin makaranta ya duba masa, a kuma guji kayan da ba su da lambar hukumar NAFDAC, domin ba a da tabbacin abin da ke cikinsu.

Kira Ga Shugabanni Da Ma'aikata

Muna kira ga ma'aikatan lafiya matakin farko da su riƙa tambayar abin da majinyaci ya ci kafin su rubuta magani. Idan uwa ta kawo yaron da amai da rama suka fara masa daidai lokacin da aka soma ba shi abinci, a tambaye ta ko yana ƙin zaƙi, ko an taɓa rasa wani ɗa a gidan da irin wannan ciwo, ko akwai zumunci tsakaninta da mijinta. Idan amsoshin sun nuna alama, a rubuta takardar tura shi gaba a ranar.

Ungozomomi da ƙungiyoyin mata su ci gaba da wayar da kan iyaye kan shayar da nonon uwa zalla na wata shida, da fara ba da abinci iri ɗaya bayan ɗaya ba tare da sukari ba, domin ta haka ake saurin gane abin da bai karɓi yaro ba. Malaman makarantun boko da na allo da na Islamiyya, idan an sanar da su akwai yaro mai wannan cuta, su sa ido a lokacin tara da rabon alewa da sadaka, su kuma hana sauran yara yi masa ba'a. Shugabannin sassan lafiya na ƙananan hukumomi su tabbatar ledar ruwan gishiri da gulukos ba ta yankewa a ɗakunan shan magani.

Hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai su ne jama'a suka fi saurare. Muna roƙonsu da su isar da wannan bayani a wuraren taro, su ja hankalin magidanta cewa jaririn da ke suma ko jijjiga bayan cin abinci asibiti ake kai shi tun da sauran ƙarfinsa. Dangin da aka tabbatar da cutar a cikinsu su nemi shawarar likita kafin ƙulla auren zumunci, kamar yadda aka fara sabawa game da amosanin jini. Maƙwabta da 'yan uwa kuma su daina ganin rowa ko tsanani ga uwar da ta hana a ba ɗanta alewa.

Kammalawa

Babban mutum ko yaron da cikinsa ke kumbura bayan zuma, mangwaro ko kankana, amma yana cikin ƙoshin lafiya, ya je a duba shi, ya bi matakan nan uku, ya gano iyakarsa. Jaririn da ke amai, gumi, suma ko shawara bayan an ba shi abu mai zaƙi, a dakatar da zaƙin nan take, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi asibiti. Mai bukatar ƙarin bayani ya tuntuɓi jami'in lafiya na ɗakin shan magani mafi kusa da shi, ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa. Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, amin.